Awon Iska a Ƙofar Kaka Mairama

"Lahiya lau, mijin banza. Matacciyar taka ba ta tashi ba har yanzu?"

Kaka Mairama ce tsaye a kan jikanta Mudassiru, da kwandunan kifin banda shida. Yau kasuwar bakin iyaka ke ci, ga motar da zai kai ta da ita, wadda ya yi wata uku yana yi wa gyaran gudu, kwana tara ke nan sai tari take yi. In rana ta take, masu saye daga Benin sun watse, kifi ya yi kwantai. Abin ya dame shi ƙwarai, amma ba ya yarda tsohuwa ta gani.

Da gadara ya yi mata bayani: hanya biyu mota ke sanin iskar da ta shaƙa kafin ta zuba mai. Ko siririyar waya mai zafi a bakin bututu ta auna iskar da ke hura ta, ko a auna matsin cikin inji, kwamfutar mota ta yi kirdado. Shi dai ya rasa wadda zai bi.

"Wanga shi na ilimin? Ni da murhun banda, in lashi yatsa in tara bakin rami, ko in dafa cikinai in ji. Shekara hamsin ban ƙona kihi ba."

"Ke da kika awon iska da giɓin haƙora? Tsaya gaban mota ki buɗe baki in haɗa miki waya."

"Haɗa. Numfashina guda ya kai ta Kwatano."

"Da baya dai."

"Saki nika so. Na samu mai jaki a ƙauyen Sharabi, jakinai bai tambayar kwamfuta kahin ya shaƙi iska."

Ya ce ya yanke shawara, zai cire wayar ya koma kirdado, aikin kwana biyu ke nan. Cikin haushi ya ɓalle akwatin iska. Sai ga ƙatuwar tarwaɗa busasshiya kwance a kan filtar tace iska, man kifin ya lulluɓe wayar kaf.

Kaka ko gezau. Ta ce ita ta ɓoye ta, don duk gidan, nan ne kaɗai mage ba ta iya buɗewa, ga kuma ɗumi.

"Kwana tara ina zagin waɗanda sunka ƙera motar ga, ashe ke ta."

Ya goge wayar, ya murɗa makulli, mota ta tashi sumul. Dariya ta ci ƙarfinsa.

"Na sallama, amarya. Shiga mu tahi."

Ta miƙa masa tarwaɗar.

"Ungo. Na fasa mai jakin."