Alhaji Egzit, Sarkin Hanyoyin Arizona

Duk wanda ya zauna a unguwar Bronx ta birnin New York bai san Alhaji Hambali ba, to zaman nasa da saura. Shi ne bawan Allahn da aka huwace wa ilmin hanyoyin Arizona kaf, aka kuma ajiye shi a titin Grand Concourse, inda babu mai bukatar wannan ilmi, don kada jama'a su gajiyar da shi. Wasu sai sun tsufa a jami'a kafin a kira su injiniya. Shi kuwa hutu ɗaya ya yi a gidan 'yarsa Ilham, ma'aikaciyar jinya a birnin Phoenix na jihar Arizona, mijinta ya ɗan zaga da shi gari a mota, ya dawo gangaran.

Da hula zanna ya tafi, ya dawo da malafa irin ta makiyayan Amurka a kan babbar riga. Turaren da yake sayarwa a bakin masallaci ma ya ƙara daraja, domin duk wanda ya sayi ƙaramar kwalba sai ya haɗa da lacca kyauta. Tuƙi dai Alhaji bai taɓa yi ba, ko a Kano ko a nan, amma wannan ba aibu ba ne. Shi da kansa ya yi bayani cewa direba idonsa na kan motar gabansa, shi ya sa ba ya ganin hanya. Masani na gaskiya a kujerar gefe yake zama.

Fadarsa ita ce shagon Hakeem, mutumin Kumasi mai sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi. A nan yake gina Arizona kullum a kan teburin awo. Doya ita ce gadar sama, taliya ita ce titi, dunƙulen magi kuma motoci.

"Ku nan me kuka sani?" in ji shi. "Cross Bronx? Ai wannan lungu ne aka yi wa kwalta. A can akwai wata hanya, Loop 101, hanya mai tarbiyya. Kafin egzit, wato mafitar babbar hanya, ta zo sai ta yi maka sallama da koren allo, ta sake yi, ta kuma sake yi. Bell Road. Thunderbird. Camelback, wato Doron Raƙumi, ni na fara fassara ta. Ga intacenji, gada a kan gada a kan gada. In kana ta can sama, sai ka ji kamar ka miƙa hannu ku gaisa da matuƙin jirgi."

Wata rana wata mata ta ɗauki doya za ta saya, Alhaji ya dafe. "Hajiya, yi haƙuri, akwai motoci a kan wannan." Haka ta tsaya da kuɗinta a hannu har zirga-zirga ta lafa.

Masu zaman shagon suka raɗa masa Alhaji Egzit, wasu kuma Sarkin Gadar Sama. Da labari ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Cewa ya yi a riƙa haɗa su biyun in za a kira shi a taron ƙungiyar Hausawan unguwa, don kada ɗaya ta ji an raina ta.

Ana nan sai Allah ya kawo ranar da duniya za ta amfana da wannan baiwa. Malam Kassim, mutumin Zariya mai aiki a ɗakin magani na wani asibiti, ɗansa Mu'awiya zai auri wata yarinya, Firdaoussi, wadda iyayenta ke zaune a Phoenix. Uban yarinyar dattijo ne ɗan Maraɗi, kuma da ƙyar ya amince, don a ganinsa mutanen New York ba su da natsuwa. Ya sa ɗaurin aure ranar Asabar bayan Azahar, a wani ƙaramin masallaci kusa da gidansa, ya kuma ce shi ba ya jiran kowa. Mutum uku za su tafi: Malam Kassim, da ango, da yayar Malam Kassim, Hajiya Halima Sa'adiya, wadda ke riƙe da jakar goro.

Ba a gayyaci Alhaji tafiyar ba, amma ya yi gaggawar ƙin zuwa. Ya ce babban kwamanda ba ya shiga filin daga, daga hedikwata yake ba da umarni. "Kuna ɗaukar motar haya a filin jirgi, ka kira ni. Sauran nawa ne."

Malam Kassim mutum ne da ko yaro ya ce masa zauna, sai ya nemi kujera. Ya ce to.

Ranar Asabar shagon Hakeem ya cika. Alhaji ya zo da wuri, ya shimfiɗa Arizona, ya jingina wayarsa da gwangwanin tumatir, ya buɗe sautinta yadda kowa zai ji. Waya na shiga, kafin a gama gaisawa, sai ga muryar wata mace tana Turanci a cikin motar.

"Wace ce wannan take magana a kaina?"

"GPS ce, Alhaji."

"Kashe ta. Yarinyar da ko zufar Arizona ba ta taɓa yi ba, ita za ta nuna mini hanya? Ina ne masallacin?"

Malam Kassim ya kashe, ya ce an ce musu su hau Loop 101, su sauka a Thomas Road.

Alhaji ya yi dariya irin ta manya, ya dubi jama'a. "Thomas Road gidana ce. A nan surukina ya tsaya shan mai, na sauka na yi alwala. Ku miƙe yamma."

To ita Loop 101 lanƙwasa ta yi ta rungumi birnin kamar kofaton doki. Thomas Road kuwa miƙewa ta yi samɓal daga yamma zuwa gabas, saboda haka sau biyu suke haɗuwa, ɗaya a wannan ƙarshen gari, ɗaya a wancan. Alhaji ta yamma ya sani. Masallacin kuma, saboda rashin kunya, a ta gabas aka gina shi.

"Alhaji, ina ne yamma?" in ji Malam Kassim.

Alhaji ya leƙa ta ƙofar shago, ya ga rana ta karkata a kan gidajen Bronx. "Ka sa rana a gabanka."

"Alhaji, nan rana tana tsakar ka."

"Ranar Arizona ke nan, ba ta da hanzari. Ka bi inda za ta faɗi in ta ga dama."

Da taimakon allunan gefen hanya suka sami yamma. Alhaji ya tura dunƙulen magi a kan taliya, ya haye da shi kan doya, ya sanar da cewa yanzu suna kan intacenji, kowa ya yi addu'a. Malam Kassim ya ce su dai ba su ga gada ba tukuna. Alhaji ya ce ai girmanta ne ya sa ba a ganinta. Ya kuma ba su alama: za su ga wata doguwar bishiyar ƙaya da hannuwa biyu a sama kamar mai tayar da kabbara. Malam Kassim ya ce duk bishiyoyin wurin haka suke. Alhaji ya ce tasa ta fi su kamala.

Daga ƙarshe suka ga Thomas Road, suka sauka. Shago ya ɗauki tafi, Alhaji ya cire malafa ya mayar. Sai dai abin da ke gabansu gonaki ne da manyan rumbunan ajiye kaya, sai gidan mai guda ɗaya, wanda Alhaji ya tabbatar shi ne nasa. Masallaci kuwa babu ko ƙamshinsa.

"An ɗauke shi," in ji Alhaji. "Amurka ke nan, yau gini, gobe fili. Ku koma kan hanya, zan nemo inda suka kai shi."

A cikin mota ango ya jiƙe sharkaf, ba don zafi kaɗai ba. 'Yan'uwan amarya suna ta aiko masa saƙo cewa an kira salla, tsoho uban amarya kuma ya fara duba agogo. Hajiya Halima Sa'adiya ta ce wa ƙanenta ya katse wayar. Malam Kassim ya yi ƙasa da murya ya ce ba zai iya katse dattijo yana tsakiyar magana ba.

"To ba sai an katse shi ba," in ji Hajiya. Ta karɓi wayar, ta cusa ta can ƙasan jakar goro, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara, ta ɗaure bakin jaka. Sannan ta ciro tata wayar, ta miƙa wa ango ya tayar da yarinyar nan mai Turanci.

A shagon Hakeem sai aka ji ƙus-ƙus, sannan shiru. Alhaji ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Wannan shi ne shirun biyayya."

Daga nan ya samu fili. Ya bi da su Doron Raƙumi, ya wuce da su Thunderbird, ya ja musu kunne a kan canza layi ba sigina. Ya ba da tarihin kowace egzit, da abin da ya ci a kusa da ita. Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai ɗauko yara, wancan jirgin ƙasa na layin D zai kama. Hakeem ya gaji ya ce, "Alhaji, mutanen nan fa ba su amsawa."

"Direban kirki ba ya magana a kan intacenji."

Su kuwa matafiya sun ratsa birnin daga wannan gefe zuwa wancan, sun isa masallaci an idar da salla, uban amarya har ya fara neman takalminsa. Aka yi ta ba shi haƙuri, ya koma ya zauna fuska a murtuke. Aka kawo jakar goro gaban liman, aka kwance bakinta, aka yaye algarara. Wayar da ke ƙasa kowa ya manta da ita. Liman ya yi huɗuba, ya juya ga Malam Kassim ya tambaye shi ko ya karɓa wa ɗansa Mu'awiya auren Firdaoussi.

A daidai wannan lokaci, a Bronx, dunƙulen magin Alhaji ya iso bakin wata egzit da ba ta kwanta masa ba. Sai murya ta tashi daga cikin goro, tar da ita:

"A'a, ba ita ba ce. Na san ta, ƙarama ce, ba ta kai mutum ko'ina. Ku wuce ta. Akwai wata a gaba da ta fi ta kyau da faɗi."

Wani a masallacin ya ce subhanallahi, na kusa da jakar suka ja da baya. A shago ma yanzu ana jin komai raɗau. Hakeem ya gane abin da ya faru, ya dafe kai yana yi wa Alhaji alamar ya yi shiru. Alhaji ya ɗauka jinjina ce, ya amsa da kai.

Sai aka ji muryar uban amarya a sanyaye, irin sanyin da ba ya kawo alheri, har da ɗan Faransancinsa. "Bon. Malam Kassim, wa kuka zo da shi cikin goro? Kuma wace ce wadda ke gaba?"

Ango ya ga aurensa na neman kuɓucewa, ya durƙusa ya ce, "Baba, GPS ce. Sabuwa ce mai jin Hausa, a Bronx muka samo ta. Ita ce ma ta ɓatar da mu."

Alhaji ya gyara murya, ya matso da bakinsa kusa da waya. "Assalamu alaikum. Ni ne Alhaji Hambali, Alhaji Egzit, Sarkin Gadar Sama na..."

"Har sarauta suka ba ta?" in ji tsohon. Aka ji dariya ta fara daga sahun baya. "Ni shi ya sa ba na yarda da kayan bakin titi. Ku kashe ta mu gama, abinci na hucewa."

Aka kashe ta, aka ɗaura aure lafiya, aka raba goro. Uban amarya dai har yau yana gargaɗin mutanen Phoenix kada kowa ya kuskura ya sa wannan manhaja a wayarsa. Ya ce surutunta ya fi aikinta, ga cin batir.