Sunan da Na Sa wa Wifi

Ana saura kaɗan mu yi jarrabawar rezon ordinatar ta matakin farko, wato ta haɗa kwamfuta da intanet, kaina ya riga ya kumbura. Na koyi yadda ake ɓoye sunan wifi don kada wayar kowa ta gan shi, sai na ce bari in gwada a akwatin wifin da ke shagon yayana a Zongo.

To, akwai Ramatu, ɗiyar telan da ke jikin shagonmu. Na daɗe ina son ta, amma ko gaishe ta na zo yi sai harshena ya sarƙe. Na canja sunan wifin, na rubuta "Ramatu ina son ki", na tafi masallaci ina jin babu gwani kamata. Ashe wurin ɓoyewar ban danna shi ba, har lambar sirrin ma na cire ban sani ba, kowa na iya shiga.

Ina dawowa na tarar da ƴan fadarmu, abokan hirata na ƙofar shago, sun bar shayi yana zuba a kan gawayi, kowa riƙe da waya, ana ta tuntsira dariya. Can sai tela ya leƙo, ya ɗaga tasa wayar.

"Ɗana, wannan saƙon na wace Ramatu ne?"

Na ce, "Baba, gwaji ne kawai."

Ya ce, "To, in ka gama gwajin, ka turo manyanka."

Jarrabawa dai na ci, kuma Ramatu tana ɗakina. Amma har yau, in wayar wani ta rasa rezo a fada, sai ya ƙwala mini kira: "Injiniya, taimaka ka sake faɗawa soyayya mu samu intanet!"