Ranar Da Na Kai Takobin Yaya Wajen Mai Wasa Wuƙa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Yaya Idrisu ba, ranar da na ɗaga hannu a gaban mutane cike da zaure, na karɓi makirfo, na tona wa kaina asiri da bakina, ina murmushi ina jiran tafi.

Sai kun fara sanin gidanmu kafin ku yanke min hukunci. Mu mahauta ne. Babana ya yi fawa a Zongon Lome tun kafin a haife ni, kakana ma haka. A gidanmu idan ka ajiye wuƙa ta dakushe, gara a ce ka fasa tukunya. Baba yana shigowa kicin, ya ɗauki wuƙar Mma, ya shafa babban yatsa a bakinta, ya ajiye ya fita, amma ranar nan kowa ya san an yi abin kunya. Da wannan tarbiyyar na tashi. Ga shi kuma ba ni da haƙuri, wannan ko maƙwabta sun shaida. Idan na aiki mutum ya tsaya ɗaure takalmi, kafin ya ɗago na je na dawo.

Yaya Idrisu shi ne ya bar wuƙa ya shiga soja. Ya yi shekaru a makarantar hafsoshi, ya fito da muƙamin liyetina (wanda 'yan Najeriya ke ce wa laftanar), kuma ranar da aka yaye su aka ba kowannensu takobi. Ni ban je bikin ba, ina rubuta jarabawa, hoto kawai na gani. Da aka sa ranar aurensa da Mariyama, sai aka ce bayan ɗaurin aure a masallaci za a yi walima irin ta hafsoshi a wani zaure can wajen Bagida, bakin teku. Abokansa za su jera su ɗaga takubba ango da amarya su wuce ta ƙarƙashi, sannan a yanka gato da takobin ango. Gato shi ne kek, kuma ni aka ɗora wa alhakinsa.

Saura kwana biyu Yaya ya kawo takobin gida cikin wata doguwar jaka, ya ɗora bisa kabad ɗin Mma. Ya ce in sa tsumma mai laushi in goge masa shi, in tafi da shi zauren ranar biki. Tsumma mai laushi ya ce, da kunnena na ji.

Yana fita na zaro shi daga kube. Gaskiya abin yana da kyau. Mariƙinsa ruwan zinariya, da wata igiya mai tuntu tana reto, ƙarfen kuma yana sheƙi kamar madubi, an yi masa zanen ganye da furanni tun daga sama har kusa da tsini. Na kalle shi na ɗan lokaci, sannan na yi abin da duk 'yar gidanmu za ta yi, na shafa babban yatsa a bakinsa.

Ban ji komai ba. Na danna, har yanzu ba komai. Na shiga kicin na ɗauko albasa, takobi ya zame. Na ɗauko tumatir, ya murƙushe shi ruwa ya fantsamo min a riga. Wallahi cokalin Mma ya fi shi kaifi.

Nan take na hango abin da zai faru. Gato hawa biyar, mai yinsa ta lulluɓe shi da sukari mai tauri, dangin amarya a jere da wayoyi a sama, ga ɗan mahauci da takobi yana ta gurza ya kasa yankawa. Ɗan Garba mai nama. Za a yi shekara ana ba da labarin a Zongo. Na ce a raina an cuci Yaya, an ba shi ƙarfen da ba a gama aikinsa ba, shi kuma kunya ta hana shi magana. Na kira wayarsa bai ɗauka ba. Na jira shi (kamar tsawon lokacin da ruwan shayi ke tafasa), na naɗe takobin a zani, na tare zem, wato ɗan acaɓanmu, na ce kasuwar Asiyeye. Mai zem ya yi ta waiwayen abin da ke tokarar bayansa, na ce masa ya kalli hanya.

A kasuwar akwai wani tsoho Bazabarme, Baba Hamani, mai dutsen wasa wuƙa irin wanda ake takawa da ƙafa. Shi ke wasa wuƙaƙen Baba tun ina goye. Na kwance zani na miƙa masa. Ya juya takobin, ya duba zanen, ya dawo min da shi da hannu biyu. Ya ce wannan na ado ne, ba a yi shi don aiki ba, dutse ba shi da ido, zai cinye zanen da sheƙin gaba ɗaya. Ya ce in je in tambayi mai shi tukuna.

Na ce, “Baba, da ado ake yanka gato? Ka wasa kawai, sauri nake yi.”

Ya sake tambayata ko mai takobin ya sani. Na ce mai takobin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. (Ku lura ban yi ƙarya ba. Ban dai amsa tambayar ba.) Tsoho ya yi bisimilla ya taka dutse. Bakin takobin yana da kauri, dole sai da ya ci ƙarfen sosai gefe da gefe kafin kaifi ya fito. Tartsatsi yana tashi, masu sayar da doya sun taru suna kallo, ni kuma ina tsaye da hannu a ƙugu kamar mai duba aikin gini. Da ya gama ya aske gashin hannunsa da shi ya nuna min. Na ce yanzu ya zama takobi.

A gida na lura sheƙin ya tafi, zanen ya koma wasu ƙarce-ƙarce masu ruwan toka. Sai na sa toka da lemun tsami na dirje shi kamar gindin tukunya. Bai gyaru ba. Na ce ba komai, daga nesa wa zai gani, na mayar da shi kube. Daga ƙarshe ma na goge kuben da tsumma mai laushi, don kada a ce ban bi umarni ba.

Ranar biki zaure ya cika. Hafsoshi takwas cikin fararen kaya da farar safar hannu suka jera biyu-biyu, aka ba da umarni, suka zare takubba lokaci guda suka haɗa tsininsu a sama. Yaya da Mariyama suka ratsa a hankali, mata suna guɗa, Mma tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa ina kallon takubban nan suna walƙiya ina cewa a raina, duk dakusassu ne, namu kaɗai ne na gaske.

Aka zo yankan gato. Ashe al'adarsu babban hafsan da ke wurin shi ke zare takobin ango ya miƙa masa. Na kai takobin teburin Kolonel, shugaban su Yaya, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai. Ya miƙe ya karɓi makirfo ya fara jawabi da Faransanci. Minti biyu, minti biyar, bai ko taɓa takobin ba. Ni da dogon jawabi ba ma shiri. Na zame na fita bayan zaure in ga ko masu abinci sun fara zuba shinkafa, na tsaya na yi faɗa da su a kan faranti.

Da na dawo zauren ya yi tsit. Kolonel yana riƙe da takobin a zare, yana kallon babban yatsansa, inda farar safar hannunsa ta tsage. Yaya yana tsaye a ƙame, gumi yana bin wuyansa. Ina shiga na ji Kolonel yana tambaya wa ya yi wa takobin nan wannan aiki.

Aiki ya ce. Ni kuma na san wadda ta yi aikin. Na ɗaga hannu tun daga bakin ƙofa na ce ni ce. Mai gabatarwa ya rugo ya miƙo min makirfo (Allah ya saka masa), na karɓa na gyara ɗaurin ɗankwali. Na yi bayani dalla-dalla, da Faransancina na makaranta, don kowa ya ji. Na ce takobin da aka ba yayana ko albasa ba ya yankawa, na gwada. Na ba da labarin tumatir. Na ce mu gidan mahauta ne, ba ma ajiye dakusasshen ƙarfe. Har na ƙara da cewa idan sauran hafsoshin suna so, na san wurin mai wasawa, ba shi da tsada.

Ba wanda ya tafa. Ɗaya daga cikin hafsoshin ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Mariyama ta rufe fuska da furannin hannunta. Yaya bai kalle ni ba, bango yake kallo, amma na ga jijiyar goshinsa.

Kolonel ya ce da alama ƙanwar ango ba ta nan lokacin da yake jawabi, don haka zai maimaita mata a taƙaice. Ya ce irin wannan takobi maƙera ne na musamman ke yinsa a ƙasar waje, ana ɗaukar watanni, a zana adon da wani ruwa mai cin ƙarfe, a rubuta sunan mai shi, sannan a lulluɓe shi da abin da ke sa sheƙi. Ya ce da gangan ake barin bakinsa ba kaifi, saboda a fareti a kafaɗa ake jingina shi, a kusa da fuska ake ɗaga shi idan za a sara wa manya, kuma yanzun nan aka ɗaga takwas a saman kan amarya. Ya ce a zamanin da ake yaƙi da takobi, hafsa ba ya kai nasa a wasa sai an ce a shirya fita fagen daga. Sai ya juya wajen Yaya.

“Liyetina, da wa za ka yi yaƙi? Da amarya?”

Zaure ya fashe da dariya. Ni ina tsaye da makirfo a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Sai daga baya na ji cewa kafin in shigo Kolonel ya tambayi Yaya me ya sami takobinsa, Yaya ya ce bai sani ba, kuma a wajen soja hafsa ya ce bai san halin da makaminsa ke ciki ba ya fi lalata makamin muni. Wato da ban shigo da bakina ba, da laifin duka a kansa zai zauna. Wannan kaɗai nake riƙewa in kare kaina, har yau.

Ana cikin dariyar Baba ya taso daga kujerarsa da babbar rigarsa, ya roƙi Kolonel ya ba shi takobin ya gani. Ya shafa yatsa a bakinsa yadda ya saba, ya duba ta wannan gefe, ya duba ta wancan. Ya ce da Hausa, “Ranka ya daɗe, yarinya ta yi wauta, ka yi haƙuri. Amma wasawar ta yi kyau.” Aka fassara wa Kolonel, ya yi dariya har da dafa tebur. Ya karɓi takobin ya miƙa wa Yaya ya ce su yanka a hankali, kuma ya same shi a ofis ranar Litinin. Yaya da Mariyama suka ɗora hannu suka danna kaɗan. Takobi ya ratsa gato, ya ratsa kwalin da ke ƙasa, ya tsaga farin ƙyallen tebur.

Hukuncin Litinin mako guda ne na gadi a bariki, ango sabo fil. Mariyama ba ta yi min faɗa ba, gaisuwa ma tana amsawa, amma na kwana biyu ban iya haɗa ido da ita ba.

Abin da ya fi min zafi bai faru a zaure ba. Bayan Yaya ya gama gadinsa ya zo gida da takobin, ya kira ni tsakar gida, ba faɗa ba tsawa. Ya nuna min wani wuri kusa da mariƙi, inda yanzu sai ƙarce. Ya ce a nan sunansa yake, haɗe da na Baba, Idrisu Garba, a tsakiyar furannin. Ya ce ranar da aka yaye su Baba bai iya karantawa ba, sai ya sa yatsa ya bi rubutun har ƙarshe. Ni da na yi sakandare na riƙe takobin kwana biyu ban ga rubutu ba, bakinsa kawai na duba. Na ba shi haƙuri, kuma karon farko a rayuwata na yi shiru har mutum ya gama magana.

Yaya ya sa an ƙera masa wani, ya iso bayan watanni. Ba a taɓa kawo shi gidanmu ba, ko jakarsa ban gani ba. Tsohon yana rataye a ɗakin Baba, idan baƙi sun zo ya sauke ya nuna musu kaifin.

Abin da na koya shi ne, idan na ga abu ba ya aiki, in fara tambaya ko dama ba a yi shi don ya yi aikin ba. Kuma idan babba ya ce wa ya yi wannan, in duba fuskarsa kafin in ɗaga hannu. Ina ƙoƙari, ban ce na iya ba.

Sallar layya da ta biyo baya, motar soja ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na ce a raina Yaya ya sake shiga wani abu. Direban ya fito da ƙunshi a tawul, ya ce Madam ɗin Kolonel ce ta aiko, tana gaida ƙanwar liyetina. Na buɗe, wuƙaƙen kicin ne guda shida, duk sun dakushe. Na shafa yatsa a bakin ta farko, na ɗauki mayafina, na tare zem.