Dodanniya Mai Jakar Kaka

Maigidana mai zane ne, shi ke yi wa littattafan yara hotuna. Kwanan baya aka buga wani littafin tatsuniya da zanensa, ya kawo wa 'yarmu guda ɗaya yana ta washe baki. To tun daga ranar, yarinyar da a da sai an ɓamɓare ta daga jikin kakarsa, da ta ji sallamar tsohuwar sai ta faɗa ƙarƙashin gado. Ni na san dalili, amma na ja bakina na tsuke.

Ran nan da hantsi sai ga Kaka, jakarta mai ruwan ƙasa a hammata, littafin a hannu. Ta wuce ni fuu zuwa ɗakin aikinsa, inda yake duƙe cikin kwalaben tawada da tarin takardu. Na bi ta da kofin ruwa, don wannan ba abin da zan yarda a ba ni labari ba ne.

"Sannu da zuwa, amaryata," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ya ƙafa? Yau kuma da wace tsiyar aka zo?"

"Ƙafa ta gode Allah, ita ta kawo ni in ga ƙarshen rashin kunya. Tashi ka ba ni kujera, mijin banza. Gida guda ba wurin zama sai takardu kamar ramin ɓera."

"Ki zauna a hankali dai, kujerar sabuwa ce, ba ta saba da kayan tarihi ba."

Ta zauna, ta buɗe tsakiyar littafin, ta dangwara masa a kan tebur.

"Wace ce wannan?"

"Dodanniya ce, mai sace yaran da suka ƙi barci. Ke kika ba ni tatsuniyar ina ƙarami, har kin manta? Tsufa dai bai yi ba."

"Ban tambaye ka sana'arta ba. Wannan wushiryar ta wa ce?"

"Masu wushirya ai sun fi a ƙirga."

"Wannan tawadar Allah da ke gefen hanci fa?"

"Alƙalami ne ya ɗiga."

"Ya ɗiga! Ya kuma ɗiga ya ɗaura mata ɗankwali a karkace irin nawa? Ya ɗiga ya saƙala mata jakata, har da zif ɗin da ya lalace? Ƙafafun yara ne fa ka zana suna leƙowa daga jakar da nake zuba musu alewa!"

Ya cire tabarau yana goge ƙwallar dariya. "Kaka, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na rubuta sunanki a wurin?"

"Sai ka rubuta? Mai kantin bakin layi da ya gan ni sai da ya buɗe littafin ya rufe, ya sake buɗewa. Yaran makwabta kuwa da na ɓullo sai su watse kamar an jefa dutse cikin kaji."

"To ai kin yi suna ke nan. Wasu har su mutu ba a sa su a littafi ba. Kamata ya yi ki ba ni tukuici."

"Tukuicinka mari. Kai, littattafan da marigayi kakanka ya bari, na tatsuniya da na tarihin sarakuna, kana ganinsu ka san na mutanen kirki ne. Dodonsu da ƙaho, da wutsiya, da ido ɗaya a goshi, bai yi kama da uwar kowa ba."

"Wannan zamanin ya wuce, tsohuwa. Yaran yanzu sun ga dodo mai kai bakwai yana aman wuta a waya, ƙaho ba ya ba su tsoro. Na zana mai ƙahon, mai buga littafin ya ce kamar akuya. Ya ce in nemo fuskar da ta fi firgita ni a duniya. Na rufe ido, sai ga ki tsaye da muciya ranar da na fasa miki madubi."

"Ashe ban doke ka da kyau ba."

"Kuma wallahi na rage. Da na zana ki yadda kike in kin tashi daga barci, da hukuma ta hana sayar da littafin."

"Ji mai magana! Laifi tudu ne. Ranar da aka haife ka ungozoma ta miƙo min kai, na ce a mayar, ba a gama ba. Kunnuwa ne suka fara fitowa, sai washegari sauran jikin ya biyo."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wurin wa na gado?"

"A dangin ubanka. Mu namu kunnuwan na jin magana ne, ba na shanya ba."

Na ƙyalƙyale da dariya har ruwan kofin ya zube. Sai na ga Kaka ba ta dariya. Ta janyo jakar ta ɗora a cinya tana shafa zif ɗin.

"Kai, saurara," ta ce, muryarta ta sauka. "Mai kanti bai dame ni ba, yaran layi ma su je su yi ta gudu. Amma tattaɓa-kunnena guda ɗaya ce a duniya. Zuwan da na yi na ƙarshe na durƙusa da wannan gwiwar a bakin gado ina miƙa mata alewa, ta ce, 'Don Allah kar ki sa ni a jaka.' Na koma gida na kasa cin abinci. Ni nawa ya rage min da za ka sa ta guje ni? Ya yi min ciwo, ɗan nan."

Dariyar maigidana ta ɗauke ɗif. Ya sosa ƙeya.

"Na yi mata bayani, Kaka. Na ce zane ne kawai. Ta ce ai ga jakar."

"To gyara."

"An riga an buga, sun shiga kasuwa. Sai dai in za a sake bugawa."

"Wato in jira. In na mutu a kai min gyaran kabari."

Ta miƙa hannu ta zare alƙalamin da ke bayan kunnensa, ta janyo littafin gabanta.

"Kaka, wannan alƙalamin tsada gare shi!"

"Fuskata ce mai araha? Zauna nan ka kalle ni. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Ta kafa wa dodanniya kunnuwa biyu manya-manya kamar faifai. Ta zana mata tabarau. Ta tsira mata gemu ɗan tsurut irin nasa, gashi nan ɗaya can ɗaya.

"Gemuna ya fi haka cika!"

"A mafarki. Na ma yi maka ƙari."

Duk wannan abin, ni na daɗe da hango ƙananan yatsun ƙafa a ƙasan labule. Hayaniya ta fito da 'yar tawa, tsoro ya hana ta shigowa. Kaka ma ta gani, amma ta yi kamar ba ta gani ba, sai ta ɗaga murya.

"Yawwa, yanzu gaskiya ta fito. Ashe wannan ne mai sace yara, ya ari ɗankwalina ya ɗaura don a ce ni ce."

Labule ya motsa. Yarinya ta taho saɗaf-saɗaf, ta yi ɗage ta leƙa littafin, ta kalli ubanta, ta sake leƙawa.

"Laa! Baba ne!"

"Shi ne fa, 'yar nan. Ki duba kunnuwan."

Tebur ya yi mata tsawo, sai kawai ta dafa gwiwar Kaka ta haye cinyarta don ta gani da kyau. Ta tsaya tana kallon jakar. Kaka ta zazzage ta a kan tebur: carbi, maganin gwiwa, sai alewar da ta yi ta zuwa da ita tana komawa da ita. Yarinya ta ɗauki ɗaya ta ɓare.

Maigidana ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya, idonsa ya yi ja.

"Na sallama, amarya. Kin ci. Riƙe alƙalamin ma, na ba ki."

"Da ma wa zai mayar maka?" in ji Kaka. Ta rungume yarinyar da hannu ɗaya ƙam, ta goge ido da gefen ɗankwali, ta sake duƙawa kan littafin. "Kar ka motsa, ban zo kan hancin ba."