Ƙafar da ta ƙi sauka daga wuyana

Wani malamin wasanni na lakwal, wato makarantar boko, ya buɗe aji biyu na yoga, motsa jikin nan na lanƙwasa gaɓoɓi, a Konni, na 'yan koyo da na waɗanda suka daɗe. Ni da na shekara goma ina dakon siminti a Malbaza, na zaɓi na biyu.

Ya ce, "Malam, fara koyon numfashi tukuna."

Na kira shi yadda akan kira malaman lakwal, na ce, "Mushe, tun haihuwa nike numfashi."

Na ɗora ƙafa bisa wuya yadda na ga suna yi. Ta hau lafiya lau, amma ta ƙi sauka. Ƙarti uku suka kwance ni, kabu-kabu ya kai ni gida a karkace.

Har yau in na tanƙwashe ƙafa wurin shan shayi, sai wani ya miƙe: "Jama'a, ku matso kusa, zai fara!"