Cokali Uku na Manja

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da Ishaku, ɗana mai shekara uku, ya sha kalanzir ba. Ni na zuba shi a gorar lemo, ni kuma na ajiye a bayan ƙofa (wannan laifina ne, ban musa ba). Da na ji tarinsa da warin bakinsa, hankalina ya tashi. Maƙwabciyata ta ce a ba shi manja, ban tsaya tunani ba na ɗura masa cokali uku. Ni fa malamar firamare ce a Samaru, har darasin kiwon lafiya nake koya wa 'ya'yan mutane.

Muka tari keke sai wani asibiti a Sabon Gari. Yaro na numfashi sama-sama, amma wai sai na yanki kati. Na yanka. Wai kuma in zauna a benci in jira. Ai kuwa na buga teburin nan har biro ya yi tsalle, na ce idan ɗana ya mutu a layi, Zariya kaf sai ta ji labarinsu. Sai ga wata nas ta fito, dattijuwa, kayanta fari fat.

"Madam, kin ba shi wani abu a gida?"

"Ban ba shi komai ba."

"Ko manja? Ki faɗa mini gaskiya."

Nan fa girman kai ya motsa. Jama'a sun zuba mini ido, har da uban wata ɗalibata (shi da yake gaishe ni da hannu biyu). Na ce, "Sista, na yi miki kama da wadda ba ta je makaranta ba? Ku duba yaro, ku bar yi mini tambayar 'yan sanda!"

Ban rufe baki ba Ishaku ya yunƙura ya sheƙa amai, ja wur, tun daga kafaɗar Sista har takalminta. Wata tsohuwa a benci ta ce, "Ikon Allah. Ashe kalanzir ɗin Samaru ja ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sista ko kallona ba ta yi ba, ta sungumi yaron ta yi ciki da gudu. Ashe aman nan da manja ke jawowa take tsoro tun farko, don yana iya tura kalanzir cikin huhu. Kwana biyu ɗana ya yi ana sa masa iska ta hanci kafin ya dawo daidai. Na yi kuka, na durƙusa na ba ta haƙuri.

Amma masifar da na yi, ban janye ko kalma ɗaya ba. Gobe ma aka ce in jira da yaro yana shiɗewa a hannuna, sai an ji muryata daga titi. Ƙaryar ce dai na bari har abada, tunda na gane cikin yaro ba ya rufa wa uwarsa asiri.