Rasuwar Sannu-Sannu, Mai Goge Ɗigon Hotuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da shekaruna suka ba ni izinin bayyanawa, nake sanar da 'yan'uwa da tsofaffin abokan aikina na maɗaba'a rasuwar na'urar sikanin gidana, mai kwafar hoto zuwa kwamfuta, wadda jikoki suka laƙaba wa Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara, a hannun mijin 'yata ta biyu, wanda ke amsa sunan Injiniya ba tare da kowa ya taɓa ganin takardarsa ba.

Marigayiyar ta san abin da duk wanda ya yi aikin ɗab'i ya sani: hoton jarida ɗige-ɗigen tawada ne aka jera, ƙanana da manya. Na'urar da ba ta da tarbiyya takan fito da mutum kamar an hango shi ta bayan gidan sauro. Ita kuwa, in na ɗan karkata takardar a kan gilashinta, sai ta ce "zuuu, ƙyat", ta bi ta a tsanake, ta haɗe ɗigon har fuska ta koma sumul. Ba ta taɓa gaggawa ba, ba ta taɓa mayar da kumatun kowa tabarma ba.

Ga yadda ajalin ya zo. Na ɗauko guntun tsohuwar jarida mai ɗauke da mahaifiyata ranar da ta karɓi shaidar ungozoma, kuma ba ta da wani hoto a duniya sai shi. Na ɗora, na fita amsa sallamar maƙwabci. Injiniya ya leƙa kwamfuta, ya ga ɗigo a gwajin farko, ya yanke hukuncin wai gilashi ne ya yi datti. Ya tuttula masa ruwan wanke taga har ya gangara ciki. Bai jira ya bushe ba ya mayar da jaridar, ya danne murfi da ƙamus. Marigayiyar ta ce "ƙyat" sau ɗaya, fitilarta ta mutu.

Da na ɗaga takardar, bayanta kaɗai ya biyo hannuna. Fuskar mahaifiyata ta zauna a gilashi.

Ba yau farau ba. Hannun nan ne ya yi wa keken rubutuna wanka da man girki, shi ne kuma ya miƙe eriyar rediyona har ta karye. Duka biyun na yi shiru saboda 'yata. Wannan karon ita ma 'yar tawa ta ce in rubuta.

Sannu-Sannu ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya, da firinta mai ciwon tari, da wayoyi biyu da ba su shiga jikin kowa sai nata, da albam huɗu na hotuna da layi bai kai kansu ba.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da safe zuwa shagon mai gyaran rediyo, kamar yadda aka yi wa keken rubutu. Injiniya ne zai ɗauke ta a ka, a ƙasa, ta babban titi. Ba a buƙatar jawabinsa.

Gilashin ba zai bi gawa ba. Na cire shi da hannuna, na jingine shi a saman kabad ɗin ɗakina, inda mahaifiyata ke kallon ƙofa, da ɗigonta duka. Masu zuwa ta'aziyya su shigo su gaishe ta daga nesa. Wanda duk aka gani da tsumma a hannu, a bakin ƙofa zai tsaya.